Yadda Ake Gwada Ƙarkon Tsofaffin A-kori-kura Masu Shan Fetur Kafin A Biya Kuɗi

Wanda ke neman a-kori-kurar aiki a Garwa, Marwa, Kusiri ko Njamena yakan tarar da gida biyu a gabansa. Ga 'yan Japan da kowa ya sani, Land Cruiser 79 da Hilux da Nissan Patrol. Ga kuma manyan 'yan Amurka da ake gani jefi-jefi a hannun dillalai, Ford F-250 da F-350, Chevrolet Silverado 2500HD da 'yar'uwarta GMC Sierra, da Ram 2500. Masu shan fetur daga cikinsu sukan fi masu gazuwal, wato dizal, sauƙin kuɗi, kuma ba su da tarkacen tace hayaƙi da sababbin injinan gazuwal ke ɗauke da su, waɗanda man da muke samu a nan ke toshewa. Shi ya sa ido ke kai musu.

Sai dai tambayar da aka fi yi, wai tsakanin Ford da Toyota wacce ta fi ƙarko, ba ta kai mutum ko'ina. Suna ɗaya yakan ɗauki injina huɗu ko biyar, wani ya kai kilomita dubu 400 ba a buɗe shi ba, wani ya zaunar da mai shi a gareji. Abin da ake gwadawa shi ne injin da shekarar, da irin wahalar da motar ta sha a baya, da nisan da ke tsakaninka da kayan gyaranta. Ga yadda ake bi.

Da farko, san aikin da za ta yi

Zauna ka faɗa wa kanka gaskiya: buhun albasa nawa za ka riƙa ɗorawa, kuma daga ina zuwa ina? Mai jigilar masakwa da gyaɗa a kan kwalta tsakanin Garwa da Marwa aikinsa daban da na mai shiga lakar fadamar Logon da damina, ko mai ratsa rairayin Kanem zuwa Mawo. Hilux da Land Cruiser 79 kayan da masana'anta ta amince musu bai wuce kusan tan ɗaya ba, ko da yake mun san abin da ake ɗora musu. 'Yan Amurka masu lamba 250 ko 2500 sukan kai tan ɗaya da rabi, masu 350 ko 3500 su wuce haka, kuma wajen jan tirela ko tankin ruwa babu 'yar Japan da ke kamo ƙafarsu. Amma suna da faɗi da nauyi, ita kanta motar fanko takan kusan tan uku. Inda 79 za ta ratsa laka ta wuce, nan F-250 za ta nutse har aksil, kuma shanu biyu ba za su ciro ta ba.

Ainihin nauyin da motar za ta ɗauka yana rubuce a takardar da ke manne jikin ƙofar direba. Karanta ta, kada ka dogara da bakin dillali.

Na biyu, gano injin da shekarar ƙirarsa

Dillali zai ce maka "ƙirar 2015 ce, Alhaji." Duba lambar shasi da kanka. Tana da haruffa da lambobi 17, ana ganinta ta ƙasan gilashin gaba ɓangaren direba. A motocin kasuwar Amurka, harafi na goma shi ne shekara: A na nufin 2010, B 2011, C 2012, haka har H 2017, sai a tsallake I a je J 2018, K 2019, L 2020. Na farko kuma yana nuna ƙasar da aka harhaɗa ta: 1, 4 ko 5 Amurka, 2 Kanada, 3 Mekziko, J Japan. Wannan ƙa'idar shekara ba lallai ta yi aiki a kan Land Cruiser da Hilux da aka yi wa kasuwar Afirka ba, su sai a duba farantin masana'anta da ke ƙarƙashin bonet ko jikin ƙofa.

Da ka san injin, ga abin da aka sani game da kowanne.

A gidan Chevrolet da GMC, injin 6.0 Vortec da suka yi amfani da shi a 2500HD daga 2001 zuwa 2019 shi ne wanda na fi natsuwa da shi cikin 'yan Amurka. Gangar jikinsa ƙarfe ce, fulogi takwas kacal, nozul ɗinsa na fesa mai a bakin bawul irin na dā, kuma a wannan babbar motar ba a sa masa tsarin kashe rabin silinda ba, wanda shi ke jawo matsala a ƙananan 'yan'uwansa. Ba shi da gudu, yana shan mai, amma yana haƙuri. Cutarsa sananna ce: kusoshin da ke riƙe bututun hayaƙi a jikin kan injin sukan karye, na'urar auna ƙarfin baƙin mai takan mutu, sannan ƙafafun gaba, musamman hannayen sitiyari, ba sa daɗewa a hanya mai gargada. Daga 2020 suka koma injin 6.6 mai fesa fetur kai tsaye cikin silinda da matsi mai tsanani. Injin kirki ne a ƙasarsu. A inda ake zuba mai daga kwalba a bakin titi, ni ba zan ba ɗan'uwana shawarar sa ba.

A gidan Ford sai an yi taka-tsantsan da shekara. Injin 5.4 na farko, wajen ƙarshen shekarun 1990 zuwa farkon 2000, yakan tofo fulogi daga mazauninsa saboda zaren ramin kaɗan ne. Wanda ya gaje shi, mai bawul uku, wanda ya shiga F-250 a 2005, fulogin ne ke karyewa a ciki lokacin cirewa, har sai an nemo wani ƙarfe na musamman a zaƙulo guntun, ga kuma ƙarar da yake yi a ɓangaren sarƙar lokaci idan an yi sakaci da canjin baƙin mai. Mai silinda goma, 6.8, yana da ƙarfi da ƙarko, amma shan mansa sai mai rijiya. Wanda ya fi su duka shi ne 6.2 da ya fito a 2011 ya kai har 2022. Ba ya yawan ciwo, kuma giyabos mai giya shida da aka haɗa shi da ita a shekarun farko irin ta motocinsu masu gazuwal ce, ta fi ƙarfin injin nesa. Ka dai sani fulogi 16 gare shi, kuma wani lokaci sifirin ɗin bawul kan karye. Wani abu da ake mantawa: daga ƙirar 2017 bodin F-250 na alminiyam ne. Ba ya tsatsa, amma mai walda na bakin kasuwa ba zai iya liƙe shi kamar ƙarfe ba. Injin 7.3 da ya zo a 2020 ginin sa mai sauƙi ne, sai dai yana tafe da giyabos mai giya goma, kuma makaniken da zai buɗe ta a yankinmu sai an tona.

Ram tana da Hemi 5.7, sannan 6.4 daga 2014. Tana da daɗin tuƙi da ƙarfin ja. Abin tsoro a cikinta shi ne ƙarar "tak-tak-tak" daga saman injin. Idan ƙarar ta ɓace bayan injin ya yi zafi, galibi kusar bututun hayaƙi ce ta karye, gyara mai sauƙi. Idan ta ci gaba bayan ya yi zafi, to mai yiwuwa ƙarfen da ke ɗaga bawul ne ya maƙale yana cin kamshaf, kuma wannan sai an sauke kan injin, da ɓarɓashin ƙarfe da ya riga ya bi baƙin mai ya zaga ko'ina. An fi ganin haka a motocin da suka daɗe suna tsaye injin na kunne.

'Yan Japan kuwa, Land Cruiser 79 mai fetur iri biyu ce a hannun mutane. Tsohuwar mai injin 1FZ, lita 4.5, silinda shida a jere, wadda in ba a bar ta ta yi zafi ba sai mai ita ya gaji da ita. Sabuwar, daga wajen 2009, mai 1GR, lita 4.0. Dukansu sarƙa suke amfani da ita maimakon bel, galibi giya ta hannu, aksil guda a gaba da baya. A 1GR ka duba famfon ruwa ko yana tsatsafa. Hilux mai 2.7, wato 2TR da magabacinsa 3RZ, ba ta cikin manyan masu ɗaukar nauyi, amma injin ne da ba ya ba da wahala. Patrol mai 4.8 ƙarfinta ya fi na Toyota, shan manta ma haka, kuma kayanta ba su kai na Toyota yawa a kasuwanninmu ba.

Na uku, je wurin masu kayan gyara tun ba ka koma wurin motar ba

Wannan matakin mutane ke tsallakewa, kuma shi ne ya fi kowanne nauyi a wurinmu. Rubuta abubuwa kamar goma da mota ke ci kullum: famfon fetur, famfon ruwa, lagireto, koyil, takalmin birki, boris ɗin ƙafa, matatar mai, fanbel, kiros na farfela, gilashin gaba. Ɗauki takardar ka zaga shagunan garinku, ka tambayi kuɗin kowanne ga kowace motar da kake gwadawa, da kwana nawa zai ɗauka kafin ya iso.

Abin da za ka gani ba ɓoyayye ba ne. Kayan Land Cruiser da Hilux akwai su a Marwa da Garwa da Ngawundare da Njamena, sabo da na hannu, na asali da jabu. Cadi ƙasa ce da yaƙinta da Libiya na 1987 ya samu sunan Toyota, kuma makanikanta sun tashi ne a kan waɗannan motoci. Kayan Ford da Chevrolet da Ram kuwa yawanci sai an aika Duwala, ko Kano da Legas, ko Dubai. Famfon fetur na sefa dubu ɗari da zai kwantar da mota sati uku a tsakiyar kakar albasa ya fi kuɗinsa tsada nesa. Don haka injin da ya fi ƙarko a takarda zai iya zama wanda ya fi kwana a gareji a Yagwa.

Ka tambayi taya ma. Manyan 'yan Amurka suna son taya mai alamar LT da harafin E, wadda ke ɗaukar iska har 80 a ma'aunin psi. Idan aka sa musu tayar ƙaramar jif aka yi lodi, zafin kwaltar watan Afrilu zai fasa ta.

Na huɗu, takardu da tarihin motar

Lambar shasi da ke jikin ƙarfen motar, da ta ƙasan gilashi, da ta kan kart giriz, wato takardar rajistar motar, dole su zo ɗaya harafi da harafi. Nemi takardar biyan duwan ta asali, wato ta kwastan, ka kai ofishin duwan a tabbatar maka. Tun da yaƙin Sudan ya ɓarke a Afrilun 2023 motocin da aka ƙwace wa masu su suke tsallako iyakar gabashin Cadi, kuma a-kori-kura na cikin abin da aka fi nema. Motar da ta yi arha fiye da hankali, takardunta kuma "suna hanya", bar ta inda ka gan ta.

Idan 'yar Amurka ce, sa wani yaro mai waya ya saya maka rahoton tarihin motar na Carfax da lambar shasin, ko ya bincika lambar a intanet, sau da yawa hotunan ranar da aka yi gwanjonta sukan fito. Da yawa daga cikin motocin da ake turo mana kamfanonin asiransi ne suka sallama su bayan hatsari ko ambaliya. Wadda ta yi hatsarin bodi ana iya zama da ita. Wadda ruwa ya ci kuwa, wayoyinta za su riƙa ruɓewa ɗaya bayan ɗaya har shekaru.

Agogon 'yan Amurka mil yake ƙirgawa, sai ka ninka da 1.6. Kuma yawancinsu suna nuna awannin da injin ya yi aiki, wasu har da awannin da ya yi a tsaye. Raba kilomita da awanni. Idan ya ba ka ƙasa da kilomita 30 a awa, motar kamfani ce da ta yi rayuwarta a tsaye da iyakwandishan a kunne, ko kuma an murɗa agogon baya an manta da awannin. Ford da kanta tana lissafin awa ɗaya a tsaye daidai da tafiyar kusan kilomita 40.

Na biyar, duba ta da sanyin safiya

Ka ce wa dillali kada a tayar da ita kafin ka zo, in ka iso ka taɓa injin da hannu. Injin da aka ɗumama yana ɓoye ƙara da hayaƙi. Tafi da makanikenka, wanda kai za ka biya.

Kafin a kunna, buɗe murfin lagireto. Ruwa mai tsatsa ko mai maiƙo alama ce ta sakaci ko gaskit. Duba ƙasan murfin baƙin mai, in ka ga wani abu kamar kindirmo, ruwa na shiga. Idan giyar otomatik ce mai sandar awo, man ya zama ja ko ruwan hoda, ba baƙi mai ƙaurin ƙuna ba. Buɗe akwatin matatar iska ka shafa yatsa a cikin bututun da ke bayan matatar. In ka ji ƙura, injin ya sha ƙurar hunturu, ringi da silinda sun riga sun goge.

A murɗa makulli ba tare da tayarwa ba. Duk fitilun gargaɗi su kama, musamman ta injin. Wadda ba ta kama ba an cire ƙwanta ne ko an rufe ta da baƙin tef. Sannan a tayar, kai kuma kana tsaye a bayan salansa. Hayaƙi shuɗi, yana cin baƙin mai. Fari mai kauri da ba ya yankewa, ruwa ne. Baƙi, fetur ya yi yawa.

Sai ka kwanta ƙarƙashinta da tocila da ƙaramar guduma. Motocin arewacin Amurka da Kanada gishirin da ake watsawa a titi lokacin ƙanƙara yana cin shasinsu da bututun birki. Ƙwanƙwasa shasin kusa da mariƙin sifirin na baya, ƙarfe mai lafiya yana amsawa, ruɓaɓɓe yana zubo da ɓawo. Sabon baƙin fenti a ƙasan tsohuwar mota abin tambaya ne. A Land Cruiser da Hilux da suka yi aiki a nan kuwa tsatsa ba ita ce damuwa ba, lodi ne. Nemi walda ko tsagewa a shasi tsakanin kai da bodi, ka ƙirga ganyen sifirin. In an ƙara ganye uku ko huɗu, ka san abin da aksil ɗin baya ya gani.

Na shida, na'ura da awon matsi

Yawancin waɗannan 'yan Amurka suna karɓar na'urar OBD mai karanta laifuffukan da ƙwaƙwalwar mota ta ajiye, sababbin Toyota ma haka. Kada ka tsaya a "babu matsala" da na'urar ta nuna. Sa makanike ya duba ko gwaje-gwajen da ƙwaƙwalwar motar ke yi da kanta sun kammala. Idan duka suna nuna ba su kammala ba, jiya ko yau aka goge laifuffukan. Lamba P0300 zuwa P0308 na nufin silinda na tsallake wuta, a Hemi kuma in ta haɗu da ƙarar nan, kamshaf ne har sai an tabbatar ba shi ba ne. Gyaran awon mai da ƙwaƙwalwar ke yi kada ya wuce kashi 10 sama ko ƙasa.

Awon matsi yana cin awa ɗaya ko biyu, kuma mai motar da ya ƙi yarda ya riga ya ba ka amsa. Abin dubawa shi ne silindojin su yi kusa da juna, tazarar mafi ƙarfi da mafi rauni kada ta wuce kashi 10 zuwa 15. Gargaɗi ɗaya: a Ford 5.4 mai bawul uku kada a taɓa fulogi sai da makaniken da ya san halinsa, in ba haka ba ka sayi rigima kafin ka sayi mota.

Na bakwai, tuƙa ta da kaya, da rana tsaka

Zagayen unguwa da yamma ba gwaji ba ne. Motar da za ta yi aiki a Kusiri a watan Afrilu, inda zafi ke haura digiri 40, a gwada ta tsakanin azahar da la'asar, da buhuna a baya, iyakwandishan a kunne, aƙalla tafiyar minti 40. Mutanen Ngawundare suna da hawan dutsen hanyar Garwa, babu wurin gwaji kamarsa. Idonka na kan allurar zafi. Bayan tafiyar, bar ta a tsaye minti goma injin na aiki, nan fanka mai rauni da lagireto toshasshe ke tona kansu.

Giyar otomatik ta shiga ba tare da duka ko jinkiri ba, kuma injin kada ya yi ihu tsakanin giya da giya. Ta hannu, sa giya ta huɗu a ƙaramin gudu ka taka totur, in injin ya tashi motar ba ta bi ba, kuloci ya ƙare. Ford da Ram masu jan ƙafa huɗu, saboda aksil guda da ke gabansu, wani lokaci in sun daki rami a gudun 80 ko 90 sitiyari kan kama kakkarwa mai firgitarwa har sai an rage gudu sosai. Nemi gargada ka gwada, a wurin da babu jama'a. Sauka kan ƙasa ka sa jan ƙafa huɗu, babba da ƙarama, ka tabbatar yana shiga yana fita.

Na takwas, lissafin mai da ciniki

Cika tanki kafin gwajin, ka sake cikawa bayansa, ka ga abin da ta sha da idonka. Manyan 'yan Amurka sukan sha lita 18 zuwa 24 a kilomita 100, Hilux 2.7 wajen 11 zuwa 14, Land Cruiser 79 a tsakaninsu. A farashin sefa 840 da Kamaru ta sa wa lita a Fabrairun 2024, zuwa da dawowa Garwa da Marwa, kusan kilomita 420, mai shan lita 20 za ta ci sama da sefa dubu 70, mai shan 12 kuma wajen dubu 42. In babbar tana kwashe a sawu ɗaya abin da ƙaramar sai ta yi biyu, ta biya kuɗin manta. In rabin bodi za ka riƙa cikawa, asara kake tuƙawa. Kada kuma ka gina lissafinka a kan zuwa-zuwa, wato fetur ɗin sumoga da ake shigo da shi daga Nijeriya, tun da Nijeriya ta cire tallafin mai a Mayun 2023 arhar da aka saba ta tafi, ruwa da dattin da ke cikin jarka kuwa suna nan.

Yanzu jera motocin a takarda guda, kowacce da kuɗin saye, kuɗin gyaran da makanike ya gano, man wata guda, da kwanakin jiran kaya. A ganina, mai aikin daji da ƙauyuka nesa da babban gari ya tsaya a kan 79 ko Hilux ko da sun fi tsada sun kuma fi tsufa. Mai aikin kwalta da jan nauyi, wanda ke da hanyar samo kaya daga Duwala ko Kano, ya nemi Chevrolet ko GMC mai 6.0, ko Ford mai 6.2, ya ɗauki wadda shasinta ya fi lafiya cikin biyun. Ram sai in awannin tsayuwarta kaɗan ne kuma injin shiru yake bayan ya yi zafi.

Duk laifin da aka gano, a sa masa kuɗi a cire daga farashi a gaban shaidu, a kuma yanke la'adar dillali tun kafin a shiga ciniki. Ka ware kamar kashi goma na kuɗin motar don satin farko: a juye baƙin mai, man giya, man aksil gaba da baya, man birki da ruwan lagireto, a sauke tanki a wanke, a sa sabuwar matatar iska da ƙarin matatar fetur a kan layi. In 'yar Amurka ka saya, yi odar famfon fetur, famfon ruwa, fanbel da koyil biyu a ranar, ka ajiye su bayan kujera.